Ijtihadi a Bakin Gado: Yadda Ma'aikatan Jinya Ke Yanke Hukunci a Kan Manyan Majinyata

Galibin mutane, idan aka shiga da ɗan'uwansu ɗakin tiyata, a bakin ƙofar nan suke tara dukkan fargabarsu da addu'o'insu, har idan aka turo shi a kan gado yana numfashi, likita kuma ya fito ya ce an yi nasara, sai a yi hamdala, a buga wa na gida waya, kowa ya ɗauka an tsallake siraɗi. Alhali kuwa abin da bincike ya tabbatar shi ne, mafi yawan waɗanda ajali ke riska ta sanadin tiyata a ɗakin kwanciya suke cikawa, bayan kwana ɗaya ko uku ko biyar, cikin sa'o'in da babu kowa a kansu sai ma'aikatan jinya da dangin da suka yi shimfiɗa a gefen gado. A shekarar 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani babban bincike da aka gudanar a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, inda aka bi sawun manyan mutane 11,422 da aka yi wa aiki. Kusan ɗaya cikin biyar ya gamu da wata matsala bayan aikin, mutum 239 suka rasu, kashi 94 cikin ɗari na waɗannan rasuwa kuwa bayan ranar tiyatar suka auku. Abin da ya fi ɗaure kai, majinyatan nan sun fi takwarorinsu na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka masu daɗewa, amma duk da haka haɗarin mutuwarsu bayan aikin da aka shirya tun da wuri ya ninka na sauran duniya sau biyu. Matsala bayan tiyata tana aukuwa a kowace ƙasa. Inda aka bambanta shi ne a wani wuri ana farga da ita tun tana ƙarama, a wani wuri kuma sai ta gama ɓarna. Masu bincike a Amurka sun raɗa wa wannan hali suna tun 1992, suka kira shi kasa ceto.

To, wane ne mai fargar? Likita yakan tsaya a kan majinyaci 'yan mintoci da safe lokacin zagaye, ya duba, ya rubuta umarni, ya wuce zuwa ɗakin tiyata ko wurin ganin marasa lafiya na waje, sauran yini da dare kuwa duk a hannun nas suke, mace ce ko namiji (zan riƙa cewa ita domin sauƙin zance). A tsakanin zagayen yau da na gobe ita ce za ta yanke ƙananan hukunce-hukunce masu ɗimbin yawa, waɗanda ba a rubuta yawancinsu a ko'ina: wa za ta fara zuwa wurinsa, wane sauyi ne na al'ada, wane ne kuma alamar halaka, wane magani za ta bayar, wane za ta dakatar ko da an rubuta shi, yaushe ne za ta tashi likita daga barci. Wannan ita ce mas'alar da muke son warwarewa.

Aikin kansa tsoho ne. Littattafan sira sun kawo cewa Rufaida Ba'aslamiya tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma a can aka ajiye Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, domin ya kasance kusa a riƙa duba shi. Florence Nightingale, wadda ta jagoranci masu jinyar sojojin Ingila a wani asibiti kusa da Santambul tun daga 1854, ta kuma buɗe makarantarta a Landan a 1860, ta ɗauki lura da majinyaci a matsayin darasi mafi muhimmanci da ya wajaba a koya wa nas. Daga baya malaman fannin a Amurka suka shimfiɗa aikin bisa matakai, watau tattara bayani, da gane damuwar, da tsara abin yi, da aiwatarwa, da komawa a duba ko an dace. Wannan shi ake karantarwa a makarantunmu har gobe. Amma tsarin da na ga ya fi kusa da haƙiƙanin abin da ke gudana a ƙwaƙwalwar mai aiki shi ne wanda Christine Tanner ta fitar a 2006, inda ta ce hukuncin yana farawa ne daga lura, sa'an nan fassara abin da aka lura da shi, sa'an nan ɗaukar mataki, sa'an nan muhasaba. Ta kuma nuna cewa abin da nas za ta lura da shi ya rataya ne ga abin da take tsammanin gani, da kuma gwargwadon sanin da ta yi wa wannan majinyaci shi kansa.

Misali ya fi bayyana wannan. A ƙaddara wani magidanci ne ɗan shekara 40, mai nauyin kilo 60, mota ta buge shi, aka cire masa saifa da azahar, aka kwantar da shi a ɗakin maza. Da ƙarfe 10 na dare zuciyarsa na bugawa sau 88 a minti, awon jininsa na sama 120, yana hira da ƙanensa. Da sha biyu bugun ya koma 104, awon jinin 116. Da ƙarfe 2 bugun ya kai 118, numfashinsa sau 24 a minti, awon jinin 108, tafin hannunsa ya yi sanyi, yana ta roƙon ruwan sha yana mutsu-mutsu a gado, jakar fitsarinsa kuma ba ta tara fiye da mililita 40 ba cikin awa biyu. Wanda ya dubi awon jini kaɗai zai ce lafiya lau, domin mutane da yawa suna yawo a kasuwa da 108. Kuma zai iya samun uzuri ga kowace alama ita kaɗai, ya ce zafin ciwo ne ya tayar da zuciyar, ƙishirwa kuma ai dole ce ga wanda aka hana ci da sha. Amma wadda ta san yadda Ubangiji ya tsara jiki, ta san cewa idan jini na zuba a ciki, jijiyoyi sukan tsuke, zuciya ta ƙara sauri, ƙoda ta riƙe ruwa, duk domin a tsare wa ƙwaƙwalwa rabonta, har mutum mai ƙarfi yana iya rasa kusan sulusin jininsa kafin awon ya faɗi warwas. Saboda haka ranar da awon ya faɗi, an riga an ci rabin lokacin ceto. Ta kuma san cewa ƙoda mai lafiya tana fitar da aƙalla rabin mililita ga kowane kilo a kowace awa, watau mililita 30 ga wannan bawan Allah, shi kuwa 20 yake yi. Hujjarta ba ta cikin lamba ɗaya. Tana cikin inda lambobin suka dosa idan aka jera su, kamar yadda mai bin sawun dabba ba ya tsayawa a kan tako ɗaya. A nan ma akwai togaciya, domin tsohon da ke shan irin maganin hawan jinin nan mai rage gudun zuciya yana iya zubar da jini bugunsa bai tashi ba, sai wadda ta karanta katinsa za ta san kada ta amince da wannan shiru.

Cikin alamomin nan babu wadda ta kai numfashi saurin tona asirin jiki, babu kuma wadda aka fi wulaƙantawa, saboda ita ce kaɗai na'ura ba ta ɗauke wa mutum wahalarta ba a yawancin ɗakunanmu: tilas a tsaya da agogo a ƙirga tashin ƙirji minti guda cur, ba tare da majinyacin ya san ana ƙirgawa ba. Baligi mai lafiya yana numfashi tsakanin sau 12 zuwa 20. Duk takardar awon da ka ga an jera mata 20, 20, 20 tun daga safe har dare, a kan kowane gado, to ka sani ƙirgawar ba ta auku ba, kuma a ganina wannan ya fi barin gurbin fili muni, domin gurbi yana sa a yi tambaya, lambar ƙarya kuwa shaidar zur ce da ke kwantar da hankalin mai karɓar aiki. Ita ma 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa domin auna iskar oksijin a jini, ya kamata mu da muke baƙaƙe mu san iyakarta. Binciken da aka yi a Jami'ar Mishigan, aka buga a ƙarshen 2020, ya nuna cewa sau da yawa takan nuna wa baƙar fata lamba mai kyau alhali iskar ta yi ƙasa, kuma irin wannan ruɗi ya kusa ninka na fararen fata sau uku. Idan na'ura ta ce 94, majinyaci kuwa yana haki ba ya iya ƙarasa jimla, maganar ƙirjinsa za a ɗauka.

Saboda sanin cewa ɗan Adam mai gafala ne, musamman da talatainin dare, aka ƙirƙiro ma'aunin gargaɗi. Wanda ya fi shahara shi ne na ƙungiyar manyan likitoci ta Landan, mai suna NEWS, da aka fitar a 2012 aka sabunta a 2017: ana auna numfashi, da iskar jini, da awon jini, da bugun zuciya, da zafin jiki, da hayyacin mutum, a bai wa kowanne maki gwargwadon kaucewarsa daga daidai, a ƙara biyu idan majinyacin yana kan oksijin, sa'an nan a tara. Maki 5 yana wajabta kiran likita da gaggawa, 7 kuwa kiran rundunar ceto. Magidancinmu da ƙarfe 2 maki 5 yake da shi cif. Fa'idar wannan ma'auni babba ce, domin yana bai wa sabuwar nas idon da ba ta riga ta mallaka ba, yana kuma ba ta hujjar da ba a iya musawa idan ta ɗaga waya. Sai dai a lura, da sha biyun dare makinsa 1 ne tak, ma'aunin bai ce komai ba, alhali gogaggiyar nas tun a lokacin za ta ce bugun da ya tashi daga 88 zuwa 104 a daren da aka cire saifa abin tuhuma ne, ta koma auna shi kowane rabin awa.

Malaman usulu sun bambanta mai taƙlidi, wanda ke bin hukunci ba tare da sanin dalilinsa ba, da mai ijtihadi, wanda ya san illar hukuncin har yana iya ƙiyasta sabuwar mas'ala a kanta. Sun kuma yarda cewa taƙlidi shi ne mafi aminci ga wanda bai kai ba. Haka lamarin yake a nan. Patricia Benner, a littafinta na 1984, ta kasa ma'aikatan jinya daraja biyar, tun daga ɗan koyo mai riƙe da ƙa'ida ƙam-ƙam har zuwa ƙwararren da ke shiga ɗaki ya ji a jikinsa cewa wani gado ba daidai yake ba tun kafin ya san dalili. Wannan firasa gaskiya ce, ba kuwa sihiri ba ce: dubban fuskokin da aka taɓa gani ne suka taru suka zama sani mai sauri. Amma firasa da wahami 'yan gida ɗaya ne, kuma mai su ba ya iya rarrabe su daga ciki. Babban misalinsa a ƙasarmu shi ne zazzaɓi. Wanda aka ɗinke wa hanji bayan taifot ta huda shi, ya yi kwana biyar, jikinsa ya yi zafi, cikinsa ya kumbura, abin da zai fara zuwa bakin kowa shi ne zazzaɓin cizon sauro. A yi gwaji, a kuwa ga ƙwayar, domin a inda sauro ya yi yawa mutane da dama suna ɗauke da ita ba tare da ita ce ke kayar da su ba. Sai a ba da magani a rufe babin, ɗinkin hanjin kuma yana can yana yoyo. Haka nan dattijon da ya fara sambatu da dare, a ce tsufa ne, ko dangi su ce iska ce, alhali sukarin jininsa ne ya faɗi ƙasa da 70, ko iska ta gaza a huhunsa, ko mafitsara ta cika ta toshe, ko kuwa farkon sefsis ne, watau halin da jiki ke shiga idan yaƙinsa da ƙwayoyin cuta ya juya yana lalata gaɓoɓinsa, wanda aka ƙiyasta ya kashe mutum miliyan 11 a duniya a shekarar 2017 kaɗai. Ra'ayina a nan shi ne, firasa tana da iznin ƙara tsoro, ba ta da iznin rage shi: idan zuciyar nas ta ce akwai matsala alhali ma'auni ya yi shiru, ta bi zuciyarta ta kira; idan ma'auni ya yi kuka zuciyarta ta ce ba komai, ta bi ma'auni.

Akwai wata wahala da ta keɓanta da mutanenmu, wadda littattafan Turai ba su yi tanadinta ba. Tarbiyyarmu ta ɗauki raki abin kunya, haƙuri da ciwo kuwa ibada, don haka idan nas ta ce, "Sannu Baba, yaya ƙarfin jiki?" amsar da za ta samu ita ce, "Da sauƙi 'yata, alhamdu lillahi," ko da kuwa ran dattijon yana hannun Allah. Wannan gaisuwa ce aka amsa, bincike bai fara ba tukuna. Mai basira takan bi da tambayar da ba a iya amsa ta da ladabi kawai: "Baba, ɗora yatsanka a inda ya fi yi maka zafi. Rabonka da fitsari tun yaushe? Iska ta fita ta ƙasa yau?" Idan kuma ta ga surukinsa ko 'ya'yansa na tsaye, ta san ba zai ambaci jini a bayan gida a gabansu ba, sai ta nemi su ɗan ba ta wuri, ta tuna masa cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Su dangin nan kuwa, da wasu ma'aikata ke ɗauka cikas ne, shaidu ne masu daraja, domin matar da ta shekara 30 da mutum, idan ta ce, "Sista, wallahi ba haka yake ba ɗazu," ta faɗi abin da babu na'urar da za ta faɗa. A Ingila sai a 2024 aka fara kafa ƙa'ida a asibitoci wadda ta bai wa majinyaci da danginsa ikon kiran wata tawaga ta daban idan suka ga jiki na taɓarɓarewa ba a saurare su ba. Mu da dangi ke kwana a gefen gado tun fil'azal, hasara ce mu bar wannan ido ya tafi a banza.

Bayan lura da fassara sai rinjayarwa, domin nas ba majinyaci ɗaya gare ta ba. Ƙa'idar a taƙaice take: hanyar iska tukuna, sa'an nan numfashi, sa'an nan gudanar jini, sa'an nan hayyaci. Wanda ke ihu yana neman allurar ciwo ya tabbatar da cewa maƙogwaronsa a buɗe yake, wanda ya yi tsit bayan ya wuni yana nishi shi ne abin zuwa da gudu. A sha'anin magani ma rubutun likita ba ya ɗauke mata alhaki, gama an rubuta shi ne bisa halin da majinyaci ke ciki da safe. Ba za ta ba da digozin ga wanda bugunsa ya sauka ƙasa da 60 ba sai ta tambaya. Ba za ta yi allurar insulin ta cin abinci ga wanda aka hana ci ba. Ba za ta ƙara mofin ga wanda numfashinsa ya ragu zuwa 8 yana gyangyaɗi ba. Idan kuma tana ƙarin jini, za ta tsaya a kansa minti 15 na farko, da zarar ya fara rawar ɗari ko ciwon baya ko haki, ta rufe robar nan take, ta nemi izni daga baya.

Sa'an nan sai mataki mafi nauyi ga ƙaramar ma'aikaciya, watau faɗa wa na sama. Kwarjinin likita, da tsoron a ce ta cika azarɓaɓi, da tunanin faɗan da aka taɓa yi mata, duk sukan sa ta jinkirta, ko kuma ta kira ta yi ta kewaye-kewaye har mai sauraro ya kasa gane ko gaggawa ce. Domin maganin wannan ne asibitocin Kaiser Permanente na Amurka suka yaɗa wani tsarin magana a farkon shekarun 2000, mai gaɓa huɗu: halin da ake ciki, da asalinsa, da fahimtar mai kira, da abin da yake nema. A bakinmu zai fito kamar haka: "Likita, gafara dai na tashe ka. Gado na 7 ne, wanda aka cire wa saifa da azahar. Bugunsa ya tashi daga 88 zuwa 118 cikin awa huɗu, numfashi 24, fitsari ya ragu, hannunsa sanyi ƙalau. Ina zaton jini ke zuba a ciki. Na sa masa oksijin, na aika a tanadi jini. Ina so ka zo yanzu." Ladabi bai ragu ba, amma an faɗi zato ƙarara, an kuma faɗi buƙata. Idan bai zo ba, wajibi ne ta haura zuwa na gaba da shi, ta rubuta lokacin kowane kira. Likitan da ya tsawata wa nas don ta kira shi a kan abin da ya zama ba komai ba, ya sani ya sayi shirunta ne a daren da abin zai zama komai.

Duk wannan bayani ya ginu a kan sharaɗi guda, shi ne lokaci. Linda Aiken da abokan aikinta sun bincika asibitoci 168 a jihar Fensilbaniya, suka buga a 2002 cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin ɗari. Suka sake samun adadi iri ɗaya a 2014 a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara. Da masu binciken Afirka suka gwada ƙara sa ido a kan majinyata masu haɗari, ta hanyar matso da gadonsu kusa da teburin nas, da yawaita awo, da barin dangi su zauna, sakamakon da aka buga a 2021 bai nuna raguwar mutuwa ba, kuma cikin dalilan da aka gano har da cewa an ɗora sabon aiki a kan hannuwan da suka riga suka cika. A farkon 2024 hukumar da ke kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta Nijeriya ta bayyana cewa kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Galibi kuwa wanda ya goge shi ke samun hanyar fita, sai a bar 'yan koyo ba mai nuna musu. Zalunci ne a tuhumi mace ɗaya da gafala alhali an bar ta da gadaje 30 da fitilar waya.

Saura hukuncin da ba na nas ba ne, ba kuma na likita ba. Baligi mai hankali shi ke da iko da jikinsa, kuma yakan faru mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta ruɓe ya ce shi ba za a yanke masa ba, ko dangi su ga kuɗin magani da na jini sun ƙare su ce za su sa hannu su koma gida. Aikin nas a nan shi ne ta binciko ainihin dalilin, gama wanda ya ƙi don tsoron ba zai farka daga allurar barci ba dabam yake da wanda ya ƙi don ba shi da abin biya, shi kuma dabam da wanda ya fahimci komai ya zaɓa. Na farko bayani yake buƙata, na biyu a kai shi ofishin jin daɗin marasa lafiya ko wurin masu taimako, na uku a girmama zaɓinsa. Ta tabbata kuma maganar daga bakin majinyacin ta fito, musamman idan mace ce da miji ko wa ke amsawa a madadinta. Idan duk da haka suka ce sai tafiya, sai ta wanke ciwon ta naɗe shi, ta koya wa mai jinyar yadda ake sauya bandeji da juya mara lafiya kowace awa biyu don gudun gyambon kwanciya, ta lissafa masa alamomin da in ya gani ya dawo da shi ko da tsakar dare ne, watau zazzaɓi da rawar ɗari, da saurin numfashi, da ɗaukewar fitsari, da rikicewar hankali, ta kuma rubuta duk abin da aka faɗa a katinsa, da lokaci, da sunan wanda ya shaida.